Yayar Mai-kifi

A nan Madarumfa, in ka nemi gidana da sunan da mahaifina ya raɗa mini, sai an yi ta kallon juna kafin a sami mai nuna maka hanya. Amma ka ce gidan yayar Mai-kifi, ko makaho sai ya kai ka har ƙofa. Mai-kifin nan ƙanwata ce, ciki ɗaya, ni na goya ta, ni na koya mata hura wuta. Ta bar garin nan tun tana amarya ta koma Maraɗi, ta je Makka, ta tara 'ya'ya da jikoki, amma sunanta bai bi ta ba, ya zauna nan ya danne nawa. Yanzu na tsufa, haƙora sun ragu, gwiwoyi sun ƙi, kuma har yau in na ji an kira ni da wannan suna sai wani abu ya tokare mini ƙirji. Kishi ne, ba wani abu ba. Na daina ɓoye shi, don a shekaruna ban ga wanda zan yi wa kara ba. Magana ɗaya tak nake jira daga bakin ƙanwata tun muna 'yan mata, kuma ita kaɗai ta rage a duniya da za ta iya faɗin ta.

Wanda ya sosa mini wurin a bana ɗanta ne na fari, mai aikin gona a hukuma. An tura shi ƙasar Japan koyon noman shinkafa, da ya dawo ya zo gaishe ni da tsaraba, wani ɗan kofi na tangaran, ƙarami ƙwarai, kurɓi ɗaya ya ƙare. Na juya shi a hannu na ce ko na zuba kwalli ne.

"Na abin sha ne, Inna," ya ce yana dariya. "Can kowane gari da nashi. Giya ce ta shinkahwa, sake ake ce mata."

"A'uzubillahi. Kai ma ka kurɓa?"

"Haba Inna. Ni shayi anka ba ni, kuma kohin ga sabo ne, ba a taɓa zuba komi ciki ba. Amma na sa ido. Da shinkahwar garin da ruwan dutsen garin suke yin ta, kuma da kihin tekun garin suke shan ta. In ɗanyen kihi anka kawo, sai a zaɓo mai sanyi, marar nauyi."

"Ɗanye?"

"Ɗanye, Inna."

"Allah shi kyauta. Itace ne babu gare su?"

"Akwai. In romo ne lokacin ɗari, sai a ɗumama ta. Maigidan da ya sauke ni ya ce mani abin sha na ƙwarai ba ya shan gaban abinci. Aikinshi shi wanke baki, don loma ta biyu ta yi daɗin ta hwarko."

Nan na ajiye carbina, don wannan magana na san ta, kuma a bakin kakarmu na fara jin ta, tun ba a haifi wannan yaro ba ma. Shi bai lura ba, ya ci gaba. Ya ce can ba mai zuba wa kansa, sai na kusa da kai ya zuba maka. Ya ce sunan gidan da aka yi abin shan yana rubuce a jikin kwalba, kuma kafin a sha sai maigida ya ɗaga kwalbar ya faɗi sunan mai yin ta. Wani tsoho ne a bayan gari, har an kwashe su a mota an kai su sun gaishe shi, mutane na ta sunkuya masa. Ban san inda Japan take ba, gabas ko yamma, kuma Allah ya tsare ni da abin da tsohon nan ke dafawa. Amma ranar nan na wuni ina kishinsa. Shi aikinsa haramun ne a wurinmu, ga shi ana faɗin sunansa kafin a kai loma baki. Ni nawa halal ne tsantsa, ina yin sa tun ina budurwa, kuma ba wanda ya san aiki ne.

A zamanin da nake faɗa, tabkin garinmu ne ke tashe mu da safe. Kafin ladan ya yi kira za ka ji tsuntsayen kirinjijiya na ta shewa a kan ruwa, sai ƙarar sanda a jikin kwale-kwale, sannan guga ta fara faɗawa rijiya, sannan taɓarya. Gida ɗaya ya fara daka, na kusa ya amsa, kafin rana ta fito duk unguwa ta ɗauka. Mahaifinmu manomi ne, ba masunci ba, amma gonarsa na bakin ruwa, masunta ba sa wuce shi ba su jefa masa karfasa ko tarwaɗa ba, shi kuma in ya yi girbi ya aika musu da dami. Mahaifiyarmu ta rasu muna ƙanana, saboda haka kakarmu ce ta rene mu. Iya muke ce mata. 'Yar siririyar tsohuwa ce marar yawan magana, amma a gidanta ba a taɓa fitar da abinci shi kaɗai. Takan ce abinci baƙo ne a baki, ba a sallamarsa ba rakiya. Dambu tana haɗa shi da fura mai ruwa-ruwa don kada ya tsaya a wuya. Ƙosai kuwa sai koko, kowa ya san wannan, amma nata kokon ba ta yarda zaƙi ya kusance shi. In an yi naman layya, nono take tsinkawa da ruwan randa, ta hana mu fura sai la'asar. Kifi ne dai ya fi ba ta aiki, don kifin tabkinmu ba ɗaya yake ba duk shekara. Bayan damina, ruwa ya cika, karfasa na da ɗanɗano mai tsabta, farau-farau kawai take so, wato ruwan gero da ɗan tsami kaɗan. Amma da bazara, in ruwa ya ja baya tarwaɗa ta kwanta cikin taɓo, naman nan ƙarnin laka yake yi ko da me ka wanke shi. Wannan sai kunun tsamiya, tsohuwar tsamiya wadda ta yi baƙi, da citta da ɗan barkono, mai ɗumi, ba kauri. Ka ci loma, ka kurɓa, lakar ta tafi, maiƙon ya tafi, sai daɗin kifin ya rage a harshe, hannu kuma ya koma akushi ba ka sani ba.

Iya ce ta raba mana aiki. Wata rana ta jiƙa tsamiya a ƙoƙo biyu, ta bana da ta bara, ta ce mu ɗanɗana. Ƙanwata ta yamutsa fuska ta ce duk tsami ne. Ni na ce wannan tana cizo, waccan tana lallashi. Iya ta dube ni ta ce, "Ke ce ta kunu." Ta dubi ƙanwata, wadda ba ta tsoron mai ko yana tsalle, ta ce, "Ke kau kasko." Na wuni ina taƙama, ina ganin ni aka zaɓa, har ina yi wa ƙanwata gwalo. Ban yi tunanin kasko ne ke da ƙara da ƙamshi ba, shi ake jiyowa daga zaure.

Aikin kunu tun ana gobe ake fara shi. Ki surfa gero, ki bakace, ki wanke, ki jiƙa ya kwana. Da asuba ki ɗebo ruwa, kuma ba na kowace rijiya ba, don Iya ta ce ta bayan gidanmu gishiri-gishiri take, sai ta gindin tsamiya can kusa da masallaci. Ki niƙa a dutse har kafaɗa ta mutu, ki tace a ƙyalle, ki bar gasara ta kwanta. Ki jiƙa tsamiya, ki murje ta, ki tsince 'ya'yan. Sannan ki tsaya kan tukunya ki jira tafasa, don in kin yi gaggawa kunu ya tsinke, in kin yi sakaci ya yi gudaji. Ƙanwata kuwa sai hantsi take tashi nata aikin. Ta kankare kifi, ta shafa gishiri da yaji, ta jefa a man gyaɗa ya ce cuuu, unguwa ta cika da ƙamshi. A fitar da akushi da ƙwarya tare zuwa zaure, maza su ci su sha, a dawo da su wayam. Sai ka ji ana cewa, "Kai, ɗiyar nan ta iya kihi." Tun ba ta isa aure ba aka sa mata Mai-kifi. Ni kuma ina bayan ɗaki ina wanke ƙyallen tata.

Garinmu garin ziyara ne, mutane na zuwa daga nesa su yi addu'a a kushewun bayin Allah da ke gewayen tabki, kuma mahaifinmu ba ya rasa baƙi. Wata shekara da bazara wasu fatake daga Katsina suka sauka a zaurenmu. A lokacin kawunmu mai safara ta Ɗan Isa ya kawo wa Iya kanumfari a ƙulle cikin tsumma, ga kuma zuma a ɗan tulu da aka aiko daga garin Gabi. Iya na kwance da ciwon baya, ta bar mini kunu ni kaɗai. Na jefa kanumfari, na zuba zuma, kuma har gobe ina nan kan bakana, ba a taɓa dama kunu mai daɗin wannan a Madarumfa ba. Ina durƙushe a bakin murhu na jiyo muryar babban baƙon daga zaure.

"Malam, wa ya dama kunun ga? Allah shi yi mata albarka. Ban taɓa shan irinshi ba."

Mahaifinmu da kansa ya shigo da kayan abincin yana murmushi, ya ce mini, "Kin ji abin da baƙo ya ce." Na ji kamar in yi ta tsalle a tsakar gida. Ƙwaryar kunu an suɗe ta tas. Akushin kifi kuwa ko rabi ba a ci ba. Iya ta sa aka kai mata duka biyun har shimfiɗa. Ta dubi kifin, ta lakaci bakin ƙwarya da yatsa ta kai baki.

"An yabi kunu?" ta ce.

"An yaba, Iya."

"To kin ɓata shi. Dubi kihin ƙanwarki. Zaƙi ya tado laka, sun sha sun bar ci. Ranar da anka yabi kunu, ɗiyata, ranar ya hita aikinshi. In kin gyara, kihi za a yaba."

Hawaye suka cika mini ido. Na ce, "To ni hwa, Iya? Wa za ya san da ni?"

"Ni na sani," ta ce. Ta nuna ƙanwata da leɓe. "Ita ma ta sani."

Ƙanwata na tsaye jikin ƙofa, idonta a ƙasa, tana murza bakin zanenta. Na jira ta ce wani abu, ko da "haka ne" kawai. Ba ta ce ba. Daga ranar ban ƙara sa zuma a kunun kifi ba, kuma ba a ƙara yabona ba. Iya ba ta jima ba ta rasu, masu sani suka koma mutum ɗaya.

Kifin nan ne ya yi wa ƙanwata aure. Wani direban babbar mota daga Maraɗi ya ci a zaurenmu, ya kurɓi kununa tsakanin loma da loma, ya suɗe yatsu, ya tambayi wadda ta soya. Ita ma ta gan shi ta so shi, ba zan yi mata ƙarya ba, kuma ya riƙe ta da mutunci har ya koma ga Allah. Mota ɗaya ta hayayyafa, aka gina gidan siminti, aka sa masa ƙofar ƙarfe. Ni na auri maƙwabcinmu, manomi, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Ya sha abin da na dama har tsufansa, kuma duk ranar da na fi gyarawa sai ya shafa ciki ya ce, "Yau tuwon ga ya yi daɗi." Ban taɓa jifan sa da ludayi ba, amma na sha riƙe ludayin ina tunani.

Duk salla ƙanwata na zuwa gida da mijinta da yara. Ta ɗaura zane a kan leshinta ta hau kasko, ni kuwa tun jiya ina kan kunu. Su ci har su jingina. Sai mijin ya ce, "Ikon Allah, Hajiya, kihinki na nan ya hi na Maraɗi nesa. Don daga ruwa zuwa kasko ne." A nan takan ɗago ta dube ni, ido cikin ido, na ɗan lokaci kaɗan, sai ta ce, "Haka ne, Alhaji." Wata salla ina jego ban iya tashi ba, aka kora kifin da shayi mai sukari. Alhaji ya ci kaɗan ya ture, ya ce tabkin bana ya lalace. Ina kwance a ɗaki ina jin sa, na kasa kunne in ji amsarta, sai na ji ta ce haka ne. Shekara da shekaru ina karɓar wannan kallo da wannan amsa. Ta kawo mini atamfa, ta kawo turare, ta riƙe ɗana a gidanta ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya gama, da ta dawo Makka ni ta fara kawo wa zamzam. Ba ta taɓa yi mini rowar komai ba sai wannan magana guda. Ni kuma ban taɓa roƙon ta ba, don in sai na roƙa za ta faɗa, ta riƙe abinta.

Yau kam ba wanda zai gane abin da muke ja a kai. Pampo ya shigo, rijiyar gindin tsamiya sai masu shanu. Gero inji ake kai shi, ya dawo da zafi da warin ƙarfe, kuma da safe babur ke tashe ni, ba taɓarya ba. Jikokina lemun kwalba suke korawa da komai, ko wani gari mai launi da ake yagewa daga leda a zuba a ruwan ƙanƙara. Tuwo da shi, dambu da shi, kifi da shi. Matan 'ya'yana in sun dama kunu sukari suke antayawa har harshe ya rasa inda zai tsaya, in na yi magana su ce haka yara ke so. Sai yaran su ci tarwaɗar bazara su ce tana wari, wai kifin kwali da ake kawowa daskararre daga Maraɗi ya fi. Ga mu a bakin tabki muna cin kifin da bai san hanyar garinmu ba. Shi ya sa labarin ɗan ƙanwata ya ƙona ni. Su can sun riƙe nasu, shinkafarsu da ruwansu da kifinsu, har da sunan tsohonsu. Mu mun yar da namu, kuma ban ji mutum ɗaya ya yi cigiyarsa ba.

Kafin ya tashi ranar nan, ya ce mini wani abu ya tsaya masa a rai. Mutanen can sun tambaye shi me ake sha da kifi a ƙasarsu, sai ya ce musu lemu.

"Amma Inna, kihin da Mama ke soyawa nan gidan muna yara, ban ƙara cin irinshi ko'ina ba. Ina son in kawo ta ta ga tabki, ta hwaɗa ma matata yadda ake yi, mu ci kamar da. Lokotoron asibiti ya ce a riƙa hitar da ita tana shan iska."

Ƙanwata hawan jini ya taɓa ta bara, gefen dama ya daina aiki, magana ma sai a hankali. Da na je duba ta a Maraɗi na ga yadda ta koma, na yi kuka don tausayi, amma a cikin kukan akwai na kaina. Na ce a zuciyata shi ke nan, za ta tafi da maganar nan kabari. Na ce wa ɗanta su zo. Ban ce masa zan dama komai ba.

Bazara ce, tabki ya ja baya har ana shuka a inda muke wanki da. Na jiƙa gero tun ana gobe, na hana a kai inji, na zauna a kujera 'yar tsugune na sa matar ɗana ta daka tana ƙunƙuni. Na sa aka ɗebo mini ruwa a tsohuwar rijiya. Tsamiyar bara na nan a ɗakina cikin ƙwarya, baƙa ƙirin. Na murje ta da yatsun nan da suka ƙi miƙewa, na tsaya a kan tukunya da kaina ina dogara sanda. Gwangwanin sukari kuwa na tura shi ƙarƙashin gado.

Sun iso da hantsi, mota cike da yara da kula mai ƙanƙara da lemu. Aka ɗauko ƙanwata aka zaunar da ita a inuwar dogon yaro. Maƙwabta suka yi ta shigowa, Mai-kifi ta zo, Mai-kifi ta zo, wasu suka wuce ni a bakin ƙofata ba su ko gan ni ba. Surukarta ta hau kasko, ita tana nuna mata da hannun hagu, ƙara gishiri, rage wuta, juya. Ƙamshi ya tashi kamar da, na ji daɗinsa har cikin raina, na kuma ji haushinsa kamar da. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi. Na sa aka ajiye ƙwaryar kununa a gefe da ludayi da ƙoƙuna, ban ce wa kowa ya sha ba.

Yara suka fasa lemu. Suka ci kaɗan suka fara tsintar gefe-gefe, wata ta raɗa wa uwarta a kunne cewa yana wari, na ji ta sarai. Ɗan ƙanwata ya ci, fuskarsa ba ta nuna ya tarar da abin da ya zo nema ba. Don kara, kada in ce an raina aikina, ya ɗebi kunu a ƙoƙo ya kurɓa. Ya koma kan kifi. Ya ƙara kurɓa, ya ƙara loma, sai na ga ya gyara zama ya naɗe hannun riga.

"Yauwa," ya ce. "Wanga shi ne. Ashe na ƙasan akushi ya hi jin yaji. Mama, hannunki na nan, ko da baki kika soya shi."

Manya suka bi sahunsa, kowa da ƙoƙonsa, kowa na cewa kifin Hajiya bai canza ba. Na jingina da bango. Na ce a raina, na gyara ke nan, Iya, ga ladana. Sai ƙanwata ta ɗago ta dube ni, kallon nan na kowace salla. Na kau da kai, don na san abin da ke biyo baya.

"Kai," ta ce wa ɗanta. Maganar na fita da ƙyar, kowa ya yi shiru don a ji. "Ci wata loma. Kora da lemu."

Ya yi, don uwa ce ta ce. Ya ɗan yamutsa fuska.

"Yanzu ci, ka kora da na ƙwarya."

Ya yi. Ya dubi ƙoƙon da ke hannunsa, sannan ya dube ni.

"Kihin bazara laka ne," ta ce. "Tun hwarko laka ne. Ni mai nike zubawa. Yaya ce ke gyara shi." Ta huta, ta goge gefen bakinta da mayafi. "Ubanku ya tahi bai sani ba. Na sha so in hwaɗi, sai in ce, in na hwaɗi mi ya rage mani? Ban iya komi ba sai kaskon ga."

Sai ta ce a kawo mata ɗan kofin da ɗanta ya ba ni, wai ita ma ta ji labarin can ba mai zuba wa kansa. Aka ɗauko daga ɗakina aka ɗauraye. A gidan Iya mai kunu ita ce ƙarshen sha, abin da ya rage a gindin ƙwarya shi ne nata, kuma ban tuna ranar da wani ya taɓa zuba mini ba. Ƙanwata ta kama ludayi da hannun hagu. Ɗanta ya miƙo hannu zai taimaka, ta harare shi ya janye. Rabi ya zube a zanenta, rabi ya shiga kofin. Ta miƙo mini.

"Sha, Yaya. Kununki ya yi daɗi."

A ƙa'idar Iya, an yaba, na ɓata ke nan. Na karɓa na kurɓa, ga ɗumi, ga tsami daidai, ban ji abin da ya ɓaci ba. Kurɓi ɗaya ya ƙare. Na dubi ɗan kofin nan na ce a raina, ashe duk jiran da na yi iyakar rabona ke nan, ita kuwa ta ci sunanta tun tana budurwa har ta yi furfura, kuma gobe ma yayar Mai-kifi za a kira ni. Na miƙa mata kofin.

"Ƙara," na ce. "Ki kuma maimaita da ƙarhi. Na bakin ƙohwa ba su ji ba."